Nakasassu da neman dogaro da kai a yankin noman rani na Kura da Bunkure

A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa nakasa da bara, har ta kai wasu na ganin kamar ba a raba su. Sai dai a 'yan shekarun da suka gabata, ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda nakasassun da kansu ne suka kafa da dama daga cikinsu, sun duƙufa wajen sauya wannan tunani.

Yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano wuri ne da ya dace a auna wannan yunƙuri, domin kuwa yanki ne da aiki ba ya yankewa, rani da damina. Tambayar ita ce: mene ne rabon mai nakasa a cikin wannan arziki, kuma wace hanya ce za ta kai shi gare shi?

Yankin da ruwa ya sauya

Garin Kura yana kan hanyar Kano zuwa Zariya, tafiyar kimanin kilomita 30 daga birnin Kano, yayin da Bunkure ke kan hanyar zuwa Rano. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Kura na da mutane fiye da 140,000, ita kuwa Bunkure fiye da 170,000.

Tun kafin zuwan noman zamani, Kura ta yi suna wajen rini da bugu, inda ake kai baƙaƙen rawunanta masu sheƙi har ƙasashen Buzaye. Amma abin da ya sauya fasalin yankin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Daga Tiga ne ake sako ruwa ta manyan hanyoyin da manoma ke kira kanal, zuwa gonakin Kadawa da kewaye. An tsara kashin farko na shirin ne domin shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara su ne manyan amfanin da ake samu. A bayan kowane buhu kuwa akwai jerin sana'o'i: dashe, da girbi, da turara shinkafa, da casa a inji, da ɗinkin buhu, da awo, da dako, da dillanci a kasuwanni irin su Kwanar Gafan.

Me ake nufi da dogaro da kai?

Wannan tunani, a siffarsa ta zamani, ya samo asali ne daga Amurka. A 1972 wasu nakasassu a birnin Berkeley na Jihar Kalifoniya, waɗanda Ed Roberts ya fi shahara a cikinsu, suka buɗe cibiyar farko ta taimakon juna domin rayuwa ba tare da an killace su a gidajen kulawa ba. Shi kansa Roberts cutar shan inna ce ta shanye masa jiki tun yana yaro.

Ƙa'idarsu ita ce mai nakasa ya fi kowa sanin abin da yake buƙata, don haka shi ya kamata ya riƙe ragamar rayuwarsa. Daga baya wannan ƙa'ida ta shiga sashe na 19 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'Yancin Nakasassu, wadda aka amince da ita a watan Disambar 2006, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2010.

A ƙasashen Turai da Amurka, dogaro da kai kan ƙunshi zama a gida na ƙashin kai, tare da mataimaki da gwamnati ke biya. A ƙauyukan Kano kuwa, inda gandu da dangi su ne ginshiƙin rayuwa, ba wanda ke burin zaman kaɗaici. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya fita ya dawo ba sai an ɗauke shi ba, ya nemi na kansa, ya yi aure ya riƙe iyali, a kuma saurare shi idan ana shawara.

Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan yanayi ita ce wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma yaɗawa bayan taron Alma-Ata na 1978, wato tallafa wa nakasassu a cikin al'ummarsu. Manufar ita ce a kai hidima inda mutum yake, a kuma yi amfani da abin da ke hannun jama'a. A Abuja aka ƙaddamar da cikakken kundin wannan tsari a watan Oktobar 2010, kuma ya tsaya a kan abubuwa 5: lafiya, da ilimi, da sana'a, da zamantakewa, da ƙarfafa murya.

Yawansu da musabbabin nakasa

Alƙaluma kan yawan nakasassu a Najeriya sun sha bamban ƙwarai. Ƙidayar 2006 ta samu mutane miliyan 3 da 'yan kai, wato kashi 2 da ɗoriya cikin 100 na al'ummar ƙasar. Amma wani rahoto na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa sun kai miliyan 29 a 2018, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na fama da wata nakasa mai tsanani.

Bambancin ya samo asali ne daga yadda ake yin tambaya. Idan aka tambayi magidanci ko akwai nakasasshe a gidansa, ba lallai ya ambaci tsohuwar da ido ya dushe mata ba, ko yaron da ba ya ji sosai. Wasu kuma kunya kan sa su ɓoye.

Cutar shan inna na cikin manyan abubuwan da suka gurgunta yara a Kano. An dakatar da allurar rigakafinta a jihar a 2003 saboda shakkun da aka nuna kan ingancinta, ba a kuma koma ba sai a watan Yulin 2004. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a jihar a Sumaila a watan Yulin 2014, sannan a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Yaran da ta taɓa a wancan lokaci yanzu sun zama samari da 'yan mata masu neman abin yi.

Annobar sanƙarau, irin wadda ta auka wa Kano a 1996, takan bar wasu da kurumta. Haka ma ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda yankunan da ruwa ke kwanciya suka fi fuskantar barazanarsa. Ga kuma haɗurran mota da na babur, da raunukan da injinan casa da niƙa kan yi wa ma'aikata.

Dangane da makanta, binciken ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta fi kowace cuta haddasa hakan, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abu ne da za a iya kauce masa ko a magance shi.

Tsarin da aka gada

Ba daga waje aka fara kawo wa nakasassun ƙasar Hausa dabarar haɗa kai ba. Tun da daɗewa akwai sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da Sarkin Bebaye a garuruwa da dama. Su ne ke sasanta rigima a tsakanin mabiyansu, da karɓar baƙi, da raba sadakar da aka kawo, da kuma kai kuka gaban hakimi ko sarki.

Wannan tsari ya bai wa nakasassu mafaka da martaba, har ma da hanyar samun abokan aure. Sai dai galibi a kan sadaka aka gina shi, don haka bai tanadi hanyar fita daga bara ba. Duk da haka, ƙungiyoyin zamani kan bi ta hannun waɗannan sarakuna, saboda su suka san kowa da inda yake kwana.

Malamai da dama kan kafa hujja da tarihin Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya kasance ladani, wanda kuma Annabi (SAW) ya sha wakilta shi a Madina idan zai yi tafiya. Darasin da suke fitarwa shi ne cewa nakasa ba ta hana a ba mutum amana.

Ƙungiyoyin da ke aiki a Kano

Mafi shahara a cikin ƙungiyoyin da nakasassu suka kafa da kansu a Kano ita ce ta waɗanda suka tsira daga shan inna, wadda aka fi saninta da jagorancin Aminu Ahmad Tudun Wada. A wurin aikinta, guragu ne ke yanka ƙarfe su yi walda, su ƙera kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, su kuma koya wa matasa sana'ar.

Muhimmancin irin wannan keke ga mutumin karkara a bayyane yake. Kujerar asibiti mai ƙananan tayoyi ba ta jure yashi da taɓo, kuma idan ta lalace da wuya a samu kayan gyaranta. Keken gida kuwa da kayan keken hawa ake haɗa shi, saboda haka duk mai gyaran keke a bakin kasuwa zai iya yi masa faci ko ya sauya masa sarƙa.

Mambobin ƙungiyar sun kuma shiga gangamin rigakafin shan inna, suna bi gida-gida suna nuna wa iyaye da jikinsu abin da ƙin allurar ke haifarwa. Misbahu Lawan Didi kuma shi ne ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda 'yan wasa ke yi a zaune kan katako mai tayoyi suna buga ƙwallo da hannu. Wasan ya bazu zuwa jihohi da dama.

Ta fuskar ido, asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda 'yan mishan suka kafa a 1943, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga sassan arewa da ƙasashe maƙwabta. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa irin su CBM da Sightsavers sun shafe shekaru suna tallafa wa ayyukan ido da yaƙi da cututtukan da ke makantarwa a arewacin Najeriya. Aikin cire yanar ido ba ya ɗaukar dogon lokaci, amma yakan 'yantar da mutum biyu: dattijon da ya koma gani, da yaron da ke yi masa jagora, wanda zai samu damar komawa makaranta.

Su kuwa kurame suna da harshensu, wato maganar hannu, wadda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta kuma wallafa littafi a kanta a 2000. Makarantar Tudun Maliki da ke birnin Kano, wadda ta gwamnati ce, tana koyar da yara kurame da makafi, kuma ta yaye da yawa daga cikin masu fafutukar kare haƙƙin nakasassu a jihar.

Dangane da kuturta, tun 1995 ake raba maganinta kyauta a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma asibitin Yadakunya da ke wajen birnin Kano ya daɗe da zama cibiyar kula da masu ita. Magani na kashe ƙwayar cutar, amma ba ya dawo da jijiyar da ta mutu. Manomin da tafin ƙafarsa ba ya jin zafi zai iya taka ƙaya ko tsinin kara bai sani ba, har ya zama gyambo. Shi ya sa ƙungiyoyin yaƙi da cutar ke koya wa waɗanda suka warke duba hannu da ƙafa kullum, da jiƙa su da shafa mai, tare da sa takalmi mai taushin ciki.

Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne babbar cibiyar da ake samun ƙafar roba da takalman gyaran ƙafa. A matakin ƙasa kuwa, ƙungiyar JONAPWD, wadda aka kafa a 1992, ita ce inuwar da ta haɗa ƙungiyoyin nakasassu daban-daban, kuma tana da reshe a Kano.

Abin lura shi ne kusan dukkan waɗannan cibiyoyi a birni suke ko a gefensa. Kilomita 30 ba nisa ba ne ga mai lafiya. Amma ga gurgun da ke wani ƙauye a Bunkure, tafiyar na nufin kuɗin babur zuwa bakin titi, da kuɗin mota na mutum biyu, da kuɗin ɗaukar keke, da kuma yinin aiki da ɗan rakiya zai rasa.

Sana'a a bakin ruwa

Shirye-shiryen koyar da sana'a da aka saba yi wa nakasassu sun fi karkata ga ɗinki da saƙa da gyaran takalmi da haɗa sabulu. Suna da amfaninsu, amma a ƙauye kasuwarsu ba ta da faɗi. A yankin Kura da Bunkure, kuɗi na cikin shinkafa da tumatir ne.

Kowace nakasa da irin shingen da take fuskanta. Kurma zai iya kowane aikin gona, amma labarin ranar sakin ruwa, ko rabon taki, ko sabon iri, ta rediyo da taron baki yake zuwa, don haka yakan wuce shi. Makaho kuwa rediyo abokinsa ne, kuma zai iya kiwo da ciniki da saƙar igiya ko tabarma, amma yana buƙatar amintaccen da zai duba masa awo da lissafi.

Mai keke ba zai iya bin siririn gefen kanal ko ya shiga fangalin shinkafa ba. Amma zai iya renon irin tumatir da albasa a kusa da gida, ko gyaran injin ban ruwa da na feshi, ko riƙe shagon taki da iri, ko sana'ar cajin waya da hada-hadar kuɗi a kasuwa. Mata kuma, waɗanda nakasa kan ninka musu wahala, suna da gurbi a turara shinkafa, da yanka tumatir a shanya kauɗa, da kiwon awaki da kaji, sana'o'in da a cikin gida ake yin su.

Akwai kuma batun gona. Shari'ar Musulunci ba ta hana kowa gado saboda nakasa, amma a aikace akan bar kason mai nakasa a hannun ɗan'uwa, a riƙa ba shi abin da ya sawwaƙa. Wanda ya riƙe gonarsa da sunansa zai iya ba da ita haya, ko ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya kuma shiga ƙungiyar masu amfani da ruwa, inda ake yanke shawara kan rabon ruwa da gyaran kanal. Shirin gyaran madatsun ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da yankin Kano, ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi muhimmanci sosai.

Wasu ƙungiyoyin bunƙasa noma sun fara lura da wannan giɓi. Ƙungiyar Sasakawa, wadda ta soma aiki a Najeriya a 1992 kuma take da ofishi a Kano, ta sanya nakasassu tare da mata da matasa cikin waɗanda ta ce za ta bai wa kulawa ta musamman a tsarin aikinta na 2021 zuwa 2025.

Jari da zakka

Koyon sana'a ba tare da jari ba kan ƙare ne a takardar shaida. Akan samu wanda aka bai wa keken ɗinki ya sayar da shi, saboda ba shi da kuɗin zare da yadi, ga kuma bakin da ke jiran abinci a gida. Bankuna kuma kan nemi jingina da takardun da mutumin ƙauye ba shi da su.

Don haka ƙungiyoyi da dama suka koma ga adashi, wanda jama'a suka riga suka sani, suka inganta shi ya zama asusun ajiya da rance na ƙauye. Mambobi kan zuba abin da suka iya kowane mako, su ranta wa junansu, su kuma ware wani abu domin rashin lafiya ko rasuwa.

Wata hanyar ita ce zakka. Shinkafa da alkama da masara duk ana fitar musu da zakka idan sun kai nisabi: kashi 1 cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka ga wanda aka shayar da wahala. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Masu rajin dogaro da kai na ganin cewa idan aka tattara zakkar aka bai wa mutum guda abin da zai zame masa jari, ya fi a rarraba ta mudu-mudu ta ƙare a tukunyar kwana biyu.

Abin da doka ta tanada

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya karya ta, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. Ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Haka nan ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a watan Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Ita ma Jihar Kano ta samu tata dokar a 2018, a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje.

A gefe guda kuma, gwamnatocin Kano sun sha yunƙurin hana bara a tituna, kamar yadda aka yi a ƙarshen 2013 a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Matsayin da ƙungiyoyin nakasassu suka saba ɗauka shi ne ba su ƙi a daina bara ba, amma a fara samar da abin da zai maye gurbinta.

Sauran aiki

Babbar matsalar ƙungiyoyi masu zaman kansu ita ce dogaro da tallafin waje, wanda kan zo da wa'adin shekara 2 ko 3. Idan wa'adin ya cika, ma'aikata kan watse, keken da aka raba kuma ya lalace babu mai gyara. Akwai kuma rabon kaya na lokacin siyasa ko azumi, wanda kan ƙare da ɗaukar hoto.

Wasu rukunoni kuma ba a cika tunawa da su ba, musamman masu taɓin hankali, da yaran da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa, da masu farfaɗiya. Waɗannan ba su da sarki, ba su da ƙungiya mai ƙarfi, kuma ɗawainiyarsu a kan iyaye mata take.

Ko sunan da ake kira ma ya sauya. A yau kafofin yaɗa labarai da hukumomi sun fi cewa masu buƙata ta musamman, yayin da wasu daga cikin masu fafutukar ke cewa kalmar ba ita ce damuwarsu ba, muddin za a ba su haƙƙinsu.

Ma'aunin nasarar kowane shiri a yanki irin Kura da Bunkure ba yawan kekunan da aka raba ba ne. Abin dubawa shi ne nakasassu nawa ne ke da gona ko shago da sunansu, nawa ne ke zama a taron masu amfani da ruwa, kuma yara nawa ne suka bar jagorancin iyayensu a titi suka koma aji.